Yadda Ake Rubuta Sharhin Littafin Soyayya ko na Matasa

Sau da yawa mutum yakan rufe littafin soyayya da tsakar dare, idanunsa sun yi ja saboda kuka, ko kuma ransa yana tafasa don haushin abin da jarumin labarin ya aikata, amma idan gari ya waye aka tambaye shi yaya littafin yake, abin da zai iya cewa bai wuce "ya yi daɗi" ko "bai burge ni ba". Shafuka ɗari uku da kwana huɗu na ɗoki sun ƙare a 'yan kalmomi, wanda ya yi tambayar kuma bai ƙaru da komai ba, domin bai san ko abin da ya yi wa abokinsa daɗi shi ma zai yi masa ba. Mai son ya faɗi fiye da haka, ko a rubuce ga jama'a ko a littafin ajiyarsa shi kaɗai, hanya guda ce a gabansa. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka duk abin da ka ji a ranka yana da mafari, kuma aikinka shi ne ka bi sawunsa har ka gano ko daga shafin littafin ya taso, ko kuwa kai ne ka zo da shi.

Ka san alkawarin da littafin ya ɗauka

Kowane nau'in labari yana da alkawarin da yake yi wa mai karatu tun kafin a buɗe shafin farko. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita nata alkawarin a sharuɗɗa biyu: soyayya ta zama ita ce ginshiƙin labarin, sannan ƙarshensa ya zama mai faranta rai. Da wannan ma'auni, labarin Laila da Majnun da wasan Romeo da Juliet labarai ne na masoya, amma ba su shiga wannan nau'i ba, tunda duka biyun da mutuwa suka ƙare. Kamfanin buga littattafai na Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin na Kanada, wanda ya fara a 1949 ya kuma saye na farkon a 1971, a kan wannan tabbaci suka gina kasuwarsu, domin mai saye ya san cewa komai wuyar da masoyan za su sha, a ƙarshe za su daidaita. Don haka mai sharhin da ya rubuta cewa "tun babi na farko na san su biyun za su ƙare tare" yana ganin ya kama marubuci da laifi, daidai yake da wanda ya shiga kwalekwale yana ƙorafin ganin ruwa. Abin tambaya a irin wannan littafi shi ne hanyar da aka bi da su, da kuma ko sun cancanci wurin da aka sauke su.

Littafin matasa kuwa, wanda ma'aikatan laburare a Amurka suke ƙayyade masu karanta shi da 'yan shekara 12 zuwa 18, bai yi maka alkawarin ƙarshe mai daɗi ba. Alkawarinsa shi ne za ka ga duniya da idon matashi, galibi ma da bakinsa ake ba da labarin, kuma kusan komai a cikinsa na farko ne: so na farko, ƙarya ta farko da aka yi wa iyaye, cin amana na farko daga aminin da aka yarda da shi. Idan littafi ya haɗa nau'o'in biyu, ka lura da wanda ya rinjaya, domin yana iya ƙarewa masoyan sun rabu amma yarinyar ta san kanta, kuma wannan ba karya alkawari ba ne.

Ka riƙa rubutu yayin da kake karatu

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Abin da ka ji a shafi na 60 ba zai tsira ba idan ka jira sai ka kai shafi na 300, domin ƙarshen labari yakan shafe duk abin da ya gabace shi: idan ya yi daɗi sai ka yafe wa littafin gundurar da ya sa ka a tsakiya, idan kuma ya ɓata maka rai sai ka manta da babi biyar da suka hana ka barci. Ka ajiye 'yar takarda a cikin littafin, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, kuma duk inda wani abu ya motsa a ranka ka rubuta abu uku kacal: lambar shafi, sunan abin da ka ji, da abin da ya faru a wurin. Kada ka tsaya yin dogon bayani, domin idan ka mayar da karatun ya zama aikin makaranta, abin da kake son kamawa zai gudu. Malamar adabi Louise Rosenblatt, wadda ta fara rubutu a kan wannan batu tun 1938, ta bambanta karatun da ake yi don a kwashi bayani da wanda ake yi don a rayu a cikin labarin, kuma na biyun ne ake bukata a nan. Rubutun naka ya zama kamar alamar da matafiyi yake yi a jikin bishiya ya wuce.

Wajen sunan abin da ka ji, ka matsa wa kanka ka zaɓi kalmar da ta dace. "Ban ji daɗi ba" ba ta faɗi komai ba, domin haushi daban ne, takaici daban, kunya daban, gundura kuma daban. Haushi yakan nuna cewa ka damu da mutanen labarin har kana fushi da zaɓinsu, wanda sau da yawa nasara ce ga marubuci. Gundura kuwa tana nuna ba ka damu da su ba ko kaɗan. Ga yadda layi biyu za su iya kasancewa: "Shafi na 47, tausayi: ta rubuta masa saƙo sau uku tana gogewa, a ƙarshe ta aika da 'sai da safe' kawai." Sannan: "Shafi na 112, fargaba: ya karɓe wayarta yana duba saƙonninta, ita kuma tana dariya." Wanda ya karanta waɗannan layuka biyu ya riga ya san littafin fiye da wanda aka ce masa "ya yi daɗi".

Akwai alamu biyu da yawancin masu karatu ba sa rubutawa, alhali sun fi kowace alama faɗin gaskiya. Ta farko ita ce wurin da ka ajiye littafin ka ɗauki wani abu ba tare da an kira ka ba. Ta biyu ita ce wurin da idonka ya fara tsallake sakin layi yana neman inda ake magana. Waɗannan wurare biyu su ne za su nuna maka inda zaren labarin ya yi sako-sako.

Ka raba naka da na littafin

Idan ka gama, ka bar littafin ya kwana, ko ma ya yi kwana biyu, sannan ka dawo kan takardarka ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wannan abin da na ji, marubuci ne ya gina shi, ko rayuwata ce ta taɓo shi? Wannan mataki ne ya fi wuya, kuma shi ne ke bambanta sharhi da huce haushi.

Na taɓa karanta wani littafin matasa da ya fusata ni a wurin da jarumar ta yafe wa aminiyarta, wadda ta tona mata asiri a gaban 'yan aji. Na rubuta a takardata cewa yafiyar ta zo da wuri, ba ta da tushe. Da na koma bayan kwana biyu na sake duba babin, sai na tarar marubuciyar ta yi aikinta tsaf: ta raba su har tsawon babi shida, ta nuna aminiyar tana biyan bashin abin da ta yi, ta kuma bar jarumar ta gindaya sharaɗi kafin ta sauko. Ni ne ban taɓa yafe wa wanda ya yi mini makamancin haka ba, sai na ɗora wa littafin laifin taurin zuciyata. Da na fitar da sharhin a daren farko, da na zalunci marubuciyar, na kuma ɓatar da masu karatu. Wannan ba ya nufin a jefar da abin da mutum ya zo da shi, domin yana da amfani matuƙa idan an kira shi da sunansa. Jimla irin "wannan babi ya yi mini nauyi saboda ya taɓa wani tsohon miki nawa" gaskiya ce, kuma tana taimakon wanda yake da irin mikin. Abin da ba daidai ba shi ne a mayar da ita "wannan babi bai tsaru ba".

Shekaru ma suna cikin abin da mutum yake zuwa da shi. Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, wato da yawa daga cikin masu yin sharhin ba su ne aka rubuta wa littafin ba. Babba yakan ji haushin jaruma 'yar shekara 16 da ta ɗauki rashin amsa saƙo na yini ɗaya tamkar tashin duniya, sai ya rubuta cewa ba ta da hankali. Amma yarinya 'yar shekara 16 da take tunani irin na mai shekara 40 ita ce kuskuren rubutu. Tambayar da ta dace ita ce ko wautar da ta yi ta yi kama da wautar mai irin shekarunta da halinta, ko kuwa marubuci ne ya cusa mata ita don labarin ya ƙara tsawo.

Ka auna soyayyar kanta

Tunda soyayya ce ginshiƙi, a kanta ya kamata mafi yawan sharhinka ya tsaya. Ka fara da gwaji mai sauƙi: cire saurayin, ka sa wani kyakkyawa mai kuɗi ko mai ƙwazo a madadinsa. Idan labarin zai ci gaba ba tare da wani abu ya sauya ba, to, marubuci ya gaya maka suna son juna ne kawai, bai nuna maka ba. Idan kuwa akwai wani abu da shi kaɗai ya gani a tare da ita, wata magana da ba za ta iya faɗa wa kowa ba sai shi, to, an gina soyayyar, kuma ya kamata ka nuna shafin da aka aza tubalin.

Daga nan sai ka dubi abin da ya raba su. Kowane labarin soyayya yana bukatar shinge, in ba haka ba zai ƙare a babi na biyu, sai dai shinge iri-iri ne. Idan zama na minti biyar da magana ta gaskiya zai warware matsalar, amma aka ja ta har shafi ɗari saboda ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa "wace ce wadda na gan ka da ita?", takaicin da ka ji yana da hujja, kuma ka faɗe shi. Shinge mai ƙarfi shi ne wanda ya tsiro daga halin masoyan ko daga yanayin da ba su da iko a kansa. Littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, ya daɗe ana kafa misali da shi a nan: jarumar ta ƙi tayin auren da jarumin ya fara yi mata saboda girman kansa da kuma mummunan zaton da take yi masa, wasiƙar da ya miƙa mata washegari ta tilasta mata ta sake duba hukuncinta, shi kuma maganganunta suka tilasta masa ya gyara halinsa. Kafin su daidaita, kowannensu ya sauya. Ka tambayi littafin da ke hannunka haka: wa ya sauya, me ya sauya shi, kuma a wane shafi?

Tsofaffin dabarun labari, irin su maƙiyan da suka koma masoya, ko mace ɗaya tsakanin maza biyu, ko baikon ƙarya da ya rikiɗe ya zama na gaske, ba laifi ba ne a kansu, kuma masu karatu da yawa su suke nema da gangan. Ka ambaci wadda aka yi amfani da ita, ka faɗi ko an yi mata sabon ɗinki, ka wuce.

Wurin da ya kamata ka daɗe shi ne inda so ya yi kama da mallaka. So hana ganin laifi, in ji masu iya magana, kuma ba jarumar kaɗai yake rufe wa ido ba, har da mai karatu. Saurayin da yake bibiyar inda take, yake duba wayarta, yake raba ta da ƙawayenta, yake fasa abu idan ya yi fushi sannan ya dawo da kyauta, a cikin littafi yakan zo da kyakkyawar fuska da kalamai masu narkar da zuciya, har mutum ya sami kansa yana goyon bayansa. Idan ka ji fargaba a irin wannan wuri, kada ka danne ta. Sai dai ka bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa: littafin da ya nuna mugun hali, da littafin da ya yi masa ado. Hanyar ganewa ita ce ka duba abin da ya biyo baya. Shin akwai wanda ya kira abin da sunansa, ko ƙawa, ko uwa, ko ita jarumar daga baya? Shin halin ya jawo masa wata asara? Shin ya daina, ko haƙuri kawai ya bayar aka ci gaba? Idan labarin ya saka masa da samun yarinyar ba tare da ya sauya komai ba, har aka nuna kishin nasa a matsayin shaidar zurfin ƙauna, to, wannan hukuncin littafin ne, kuma kana da damar ka ƙalubalance shi. A littafin matasa wannan ya fi nauyi, domin mai karatu ɗan shekara 13 yana iya cin karo da hoton soyayya a nan kafin ya gan ta a zahiri. Duk da haka ban yarda da masu ɗaukar matasa tamkar ba su iya rarrabe labari da rayuwa ba. Ka faɗi abin da ke cikin littafin dalla-dalla, ka bar wa'azi.

Tambaya ta ƙarshe a nan gajeriya ce: idan aka cire soyayyar, me ya rage wa jarumar? Idan tana da buri, da ƙawaye masu nasu matsalolin, da iyayen da suke mutane ba gumaka ba, ka yaba. Idan ba ta da komai sai shi, ka faɗa.

Ka zauna ka rubuta

Ka buɗe da jimla biyu ko uku da za su gabatar da mutanen labarin da matsalarsu, kuma kada ka wuce abin da ke cikin kashi ɗaya bisa uku na farkon littafin. Sake ba da labarin gaba ɗaya ba sharhi ba ne, kuma yana kashe wa wasu daɗin karatu. Idan hujjarka ba za ta tsaya ba sai ka tona abin da ya faru a ƙarshe, ka yi gargaɗi a sarari kafin ka shiga, ka kuma ajiye wannan ɓangare a can ƙasa. Daga cikin layukan takardarka, waɗanda wataƙila sun kai ashirin, ka zaɓi uku ko huɗu da suka fi ƙarfi, ka ba kowanne sakin layinsa: abin da ka ji, wurin da ya faru, da dalilin da kake ganin ya jawo shi. Maimakon "jarumin ya ba ni haushi", ka rubuta abu kamar haka: "Jarumin ya nemi gafara sau uku a littafin, amma a duk ukun maganarsa a kan zafin da shi ya ji ne, bai taɓa tambayarta abin da ita ta ji ba, shi ya sa sulhun babin ƙarshe bai gamsar da ni ba." Wanda bai yarda da kai ba yana iya buɗe littafin ya duba, kuma wannan ita ce alamar sharhi mai ƙafafu.

Ka faɗi wanda littafin zai dace da shi, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma abin da ya gundure ka na tafiyar hawainiya shi wani yake nema. Idan akwai abubuwa masu nauyi a ciki, kamar fyaɗe, ko kisan kai, ko bayanin kwanciya a fili, ka ambata a taƙaice, musamman idan an tallata littafin a matsayin na matasa, domin iyaye da malamai da su kansu matasan suna dogara da irin wannan bayani. Sukarka kuma ta tsaya a kan littafin. Ba ka san rayuwar marubuci ba, kuma halin jarumi ba shaida ba ce a kan halin wanda ya ƙirƙire shi.

Game da maki, shafin intanet na sharhin littattafai mai suna Goodreads, wanda ya fara aiki a 2007 kuma Amazon ya saya a 2013, ya saba wa mutane da tauraro ɗaya zuwa biyar, babu rabi. Matsalar ita ce tauraro uku a wurin wani yabo ne, a wurin wani kuma suka, saboda haka ka bayyana a jimla ɗaya abin da naka yake nufi, kuma ka ba da shi bayan ka gama rubutu, ba kafin ka fara ba, don kada ka koma kana nema wa lamba hujja. Yakan faru littafi ya kasance mai rauni a tsari amma ya riƙe ka har asuba, ko ya kasance gwanin tsari amma bai taɓa ka ba. Ka faɗi duka biyun yadda suke.

Wani abu da nake yawan gani, kuma nake so a daina, shi ne buɗe sharhi da neman afuwa, irin "na san ba littafin kirki ba ne, amma". Lokacin da malamar adabi Janice Radway ta yi hira da mata masu karanta labaran soyayya a wani gari na Amurka, a binciken da ta wallafa a 1984, ta tarar suna da ma'auni masu tsauri na bambance labarin da ya yi da wanda bai yi ba, har da irin jarumin da ba za su lamunta ba. Mai karanta wannan nau'i ya san aikinsa, ba ya bukatar ya sunkuyar da kai kafin ya yi magana.

Idan kuma littafin ya gagare ka har ka ajiye shi a tsakiya, kana iya rubuta sharhinsa, da sharaɗin ka faɗi shafin da ka tsaya da abin da ya tsayar da kai, kuma kada ka yanke hukunci a kan ƙarshen da ba ka gani ba. Takardar da ka yi rubutu a kanta kuwa, ka sa mata kwanan wata ka bar ta a cikin littafin, domin idan ka sake buɗe shi bayan shekara biyar, za ka iya gwada shafi na 47 da na 112 ka ga ko har yanzu tausayin da fargabar suna nan inda ka bar su.